Gwangwanin madara: abin da wani gidan haya a Sabon Garin Kano ya koya mini



Yau ba zancen tsadar shinkafa ko ɗaukewar wuta na zo da shi ba. Wani tsohon laifi nawa zan faɗa muku, wanda na yi ina yaro, kuma har yau da furfura ta cika mini gemu bai sake ni ba. Abin da ya tono shi kuwa, makon jiya ne ina zaune ƙofar gida a kartiyenmu na ji jikata, ƴar shekara shida, tana ce wa ƙawarta: "Kar ki sha a kofin waccan, arniya ce." Na kira ta, na ce wa ya gaya miki haka? Ta yi shiru, can ta ce ba kowa. Kuma gaskiya ta faɗa. Ba wanda ya zaunar da ita ya karantar da ita. A bakinmu ta tsinta, mu manya, muna hira muna dariya, mun manta akwai ƙananan kunnuwa a gefen tabarma.

Maganar ta mayar da ni baya fiye da shekara hamsin, zuwa wani gidan haya a Sabon Garin Kano.

Da yawanku labarin yaƙin Biyafara kawai kuka ji, to bari in taƙaita. Ranar 15 ga Janairun 1966 wasu hafsoshin soja suka yi juyin mulki a Nijeriya, aka kashe Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Galibin waɗanda suka kitsa abin ƴan ƙabilar Ibo ne. Sai fushin ya sauka a kan Ibo talakawa da ke zaune a Arewa, masu tireda da kafintoci da ma'aikatan jirgin ƙasa, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A watan Mayu, sannan a Satumba da Oktoban wannan shekara, aka kashe dubbansu, sauran suka tsere kudu. Ranar 30 ga Mayun 1967 Ojukwu ya ce yankin gabas ya ɓalle, ya zama Biyafara. A watan Yuli yaƙi ya ɓarke, bai ƙare ba sai 15 ga Janairun 1970. Mutanen da suka mutu ana ƙiyasta su miliyan ɗaya ko fiye, kuma yunwa ta fi harsashi kisa, musamman cikin yara. Mu ma nan abin ya shafe mu: a watan Yulin 1968, zamanin Diori Hamani, a Yamai aka zauna neman sulhu, amma zaman bai tsayar da yaƙin ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan Maraɗi ne mai fataucin fatu da ƙiraga. Ana cikin yaƙin ya kwashe mu zuwa Kano. Sabon Gari unguwa ce da Turawa suka keɓe wa baƙi ƴan kudu bayan zuwan jirgin ƙasa, kuma a lokacin gidaje da yawa a cikinta babu masu su. Muka samu ɗaki biyu a wani gida mai ɗakuna shida, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. A bangon ɗakinmu akwai shatin gicciye, inda fenti ya fi haske. Na tambayi uwata, ta ce in daina tambayar abin da ba ruwana. Mai gidan, daren da zai gudu, ya bar makulli a hannun wani abokin cinikinsa Bakano da ke Fagge. Wannan bawan Allah shi ke karɓar kuɗin haya duk wata, yana rubutawa da ajami a wani ɗan littafi.

Ina da shekara takwas aka ce yaƙi ya ƙare. Shugaban Nijeriya na lokacin, Yakubu Gowon, wanda shi kansa Kirista ne ɗan Arewa, ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. Bayan ƴan watanni, wata rana da la'asar, sai ga wani dogon mutum ya tsaya a ƙofar gida, da mace, da yaro ɗaya, da akwatin ƙarfe ɗaya. Duka dukiyarsu ke nan. Waɗanda ke da ajiya da kuɗin Biyafara, fam 20 kacal gwamnati ta ba kowa, komai yawan abin da ya tara. A Fatakwal ma Ibo da dama ba su sake ganin gidajensu ba. Amma washegari Bakanon nan ya zo da littafinsa da ƙullin kuɗi, ya ƙirga masa hayar kowane wata, ko kwabo bai ɓata ba. Da idona na ga ƙaton mutum ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro.

Mahaifina ya ce masa, tun da mai wuri ya zo, mai tabarma sai ya naɗe. Mutumin ya amsa da Hausarsa tsab: "Malam, ina za ka? In ka tashi da me zan ci abinci?" Haka muka zauna. Mu Musulmi ƴan Nijar, su Ibo ƴan Katolika, ɗakin ƙarshe wani tela Bayarabe Musulmi da matarsa Kirista, kusa da shi wani ɗan Ghana mai gyaran agogo. Kowa da tukunyarsa, amma famfon ɗaya ne.

Yaron sa'ana ne. Zan kira shi ɗan mai gida, don haka uwata ke kiransa. A Kano aka haife shi, amma ya manta Hausa sarai. Siriri ne kamar kara, gashinsa ja-ja saboda yunwar da ya sha. Ƙanwarsa a can ta mutu. Abu biyu na fara lura da su. In an ba shi abinci sai ya ɓoye rabi a aljihu, ko da tuwo ne. Kuma filin jirgin saman Kano ba shi da nisa da Sabon Gari, to duk sanda jirgi ya taso sai ya ruga ya shige ƙarƙashin gado. Da farko dariya nake masa. Daga baya sai na riƙa shiga tare da shi, ina ɗauka wasa ne. A ƙarƙashin gadon nan muka zama abokai, tun ba ma jin yaren juna.

Kafin shekara ta zagayo ya fi ni zagi da Hausa. Tare muke gara taya, tare muke harbin ƙadangare da danƙo, tare muke ɗinka ƙwallon tsumma da ƙyallayen tela. Da azumi ya kai goma shi ke riƙe mana gwangwanin kiɗa wurin tashe, kuma ba gidan da aka taɓa hana mu sadaka saboda shi. Ranar Lahadi ni ke jiransa a bakin titi ya taso daga coci. Na san yana da addininsa, ya san ina da nawa, kamar yadda na san shi bahago ne ni kuwa da dama nake cin tuwo. A wajenmu maganar ba ta wuce nan ba. Manya ne suka ɗora mata kaya.

Kakata, uwar mahaifina, ta zo daga ƙauye ta zauna da mu. Mace ce mai ibada, mai kyauta, ba ta iya ganin yaro da yunwa ta ƙyale. Amma ran da ta ga ɗan mai gida ya ɗauki moɗa ya sha a randarmu, sai ta fizge moɗar, ta wanke ta da toka, ta sake wankewa. Daga nan ta samo wani tsohon gwangwanin madara ta rataye a ƙusa, ta ce wannan shi ne na inyamuri. Ku da kuke faɗin kalmar nan yau, kun san asalinta? Daga yadda suke roƙon ruwa da harshensu aka samo ta, ma'anarta "ba ni ruwa". Roƙon ruwan mutum muka mayar masa da sunan zolaya, sannan da ya zo shan ruwan muka ware masa gwangwani.

Yaron bai ce komai ba. Wanda ya ga abin da ya gani, gwangwani ba zai sa shi kuka ba. Ya riƙa sha a ciki, ni ma ban ga laifin abin ba, tun da kaka ce ta yi.

Mahaifina ya dawo daga tafiya ya tarar da gwangwani a rataye. Ya tambaya, aka gaya masa. Bai iya yi wa uwarsa faɗa ba, kuma bai yi ba. Sai ya sauke gwangwanin, ya ɗebi ruwa, ya tsuguna, ya yi bisimilla ya sha. Kaka ta ce: "Kai, mi kake haka?" Ya ce: "Ƙishirwa nike ji, Inna. Ruwan Allah na." Tun daga ranar, duk sanda yake gida, a gwangwanin nan yake sha. Ba zan yi muku ƙarya in ce kaka ta canza ba. Har ta koma ƙauye ba ta canza ba, ta dai daina yi a gabansa. Amma ni na gani, kuma abin da yaro ya gani ya fi abin da aka gaya masa zama a kai.

Kada ku ɗauka abin daga ɓangare ɗaya yake. Uwar abokina ma ba ta ƙaunar ganinmu. Wanta a tashar jirgin ƙasa ta Kano aka kashe shi a 1966. Ko gaisuwar uwata da ƙyar take amsawa. Ran babbar salla, da ta ji ana wasa wuƙa, sai ta ja ɗanta ɗaki ta kulle har dare. Na kai musu naman layya, ta ce in mayar. Ɗanta ya gaya mini abin da take faɗa masa: Bahaushe zai yi dariya da kai da safe, ya yanka ka da yamma. Kun ga ita ma ta rataye mana namu gwangwanin. Bambancinta da kakata shi ne ita tana da gawa a zuciya, kakata kuwa gado kawai ta yi, ba Kiristan da ya taɓa yi mata komai.

Abin da ya sassauta ta ba wa'azi ba ne. Wani dare mahaifina yana Maraɗi naƙuda ta kama uwata, ba mota, ba kowa. Matar nan ce ta ji nishi ta fito da fitila. A hannunta ƙanwata ta faɗo duniya, ita ta yi mata wankan farko. Da Kirsimeti ya zo, sai ga ta da kaji biyu a hannu, ta tsaya daga nesa ta ce wa mahaifina: "Malam, yanka mana, don yaranka su iya ci." Ku tsaya ku auna wannan. Matar da ke kulle ɗanta in ta ji ƙarar wuƙa, ita ce ta miƙa wa Bahaushe wuƙa da hannunta.

Yanzu ga laifina.

Ina zuwa makarantar allo a Fagge. Wata rana ɗan mai gida ya biyo ni, ya tsaya a bakin hanya yana jira a tashi mu tafi harbin tsuntsu. Da muka fito, wani babban almajiri ya nuna shi ya ce: "Kai, ga arnenka can yana jiranka." Yara suka fashe da dariya. Wani ya ce ashe da arna kake cin abinci, shi ya sa allonka ba ya wankuwa. Kunya ta kama ni. Sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce: "Ni ba abokina ba ne. Inyamuri ne, gidansu kawai muke haya." Na ɗauki tsakuwa na jefa wajensa, don su tabbatar.

Ba ta same shi ba. Amma ya ji, don a lokacin Hausarsa ta fi tawa. Ya dube ni, ya juya ya tafi. Ya yi makonni ba ya yi mini magana. Daga baya muka koma wasa kamar yadda yara ke yi, sai dai bai sake biyo ni Fagge ba, kuma bai sake shan ruwa a ɗakinmu ba, ko a moɗa ko a gwangwani. Ni kuma ban taɓa ba shi haƙuri ba. Farin 1973 da 1974 ya karya kasuwar mahaifina, muka tattara muka dawo Maraɗi. A watan Oktoban 1991, da rikicin addini ya tashi a Kano kan zuwan mai wa'azin nan Bajamushe Reinhard Bonnke, na kwana da rediyo a kunne ina tunaninsa. Daga baya na je har gidan. An sayar, ba wanda ya san inda suka nufa.

Me ya sa nake ba ku wannan dogon labari? Don na gane abu ɗaya, kuma shi nake so ku riƙe. Gwamnati na iya sanar da ƙarshen yaƙi a rediyo, amma a tsakar gida ake gama shi ko a ci gaba da shi, ta abin da manya ke faɗa da abin da suke yi a gaban yara. Ni ban tsani abokina ba ko na minti ɗaya. Tsoron dariyar ƴan uwana ne ya sa na jefe shi. Amma kalmomin da na jefe shi da su a shirye na same su, a rataye a ƙusar gidanmu.

Wani zai ce wannan ai labarin Nijeriya ne, mu nan Nijar lafiya muke zaune. Alhamdu lillahi, muna da abin alfahari. Muna da wasan taubasai, Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bazabarme, a yi ta zolaya ba mai fushi, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a ƙarshen 2014. To amma ko wata biyu ba a yi ba, me ya faru? Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, washegari Asabar a Yamai, bayan mujallar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), aka fita zanga-zanga, ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone. Mutum 10 suka mutu. A Yamai kaɗai ƴan sanda sun ce coci 45 aka cinna wa wuta. A watan Yunin 2019 ma an ƙona wata coci a nan Maraɗi.

Ni Musulmi ne, zanen nan ya ƙona mini rai kamar yadda ya ƙona wa kowa. Amma mujallar a Paris take. Matar da ke sayar da ƙosai a kartiyenku ba ita ta zana ba, wataƙila ko labarin ba ta ji ba sai da ta ga hayaƙi. Daidai da kafintan Sabon Gari da aka kashe a 1966 kan juyin mulkin da bai san an shirya ba. Kuma ku tuna su wa suka ɗauki fetur ranar. Galibi samari ne, har da ƙananan yara. Na dube su na ga kaina a bakin hanyar Fagge da tsakuwa a hannu. Ba na jin dukansu mugaye ne. An dai rataye musu gwangwani tun suna ƙanana, kuma ba a samu wanda ya sauke ya sha a gabansu ba.

A ranakun nan kuma an samu Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu, wasu suka tsaya a ƙofa suka ce ba mai shiga. In kun bincika za ku tarar ba wani dogon karatu ne ya sa su ba. Sun san mutanen ne. Sun san sunan yaransu, sun je sunansu, sun je zaman makokinsu. Da wuya ka ƙona ɗakin da ka taɓa cin tuwo a ciki.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: dattijo yana so ya ce addinai duk ɗaya ne. A'a. Ban ce ba, kuma mahaifina bai taɓa cewa ba. Mutum ne da ban taɓa ganin salla ta wuce shi ba, bai taɓa taka coci ba, kuma da zan ce zan bi abokina can da na sha bulala. Shi ma mai gidan bai taɓa barin ɗansa ya bi ni masallaci ba. Kowa ya riƙe nasa da ƙarfi. Riƙon addini daban, wulaƙanta mutum daban. Bakanon Fagge da ya adana hayar Kirista shekara da shekaru, ba don imaninsa ya yi rauni ya yi ba, imanin ne ya hana shi cin amana. Ku tambayi malamanku: da aka tsananta wa Musulmin farko a Makka, ina aka tura su? Habasha, wajen sarki Najjashi, Kirista. Ku tambaye su hukuncin abincin ma'abota littafi a cikin suratul Ma'ida, da haƙƙin maƙwabci ko da ba Musulmi ba ne. Abin da kakata ta yi al'ada ce da tsoro, ta ɗauka addini ne. Allah ya gafarta mata.

Kuma a ƙasar nan nauyin a kanmu yake. Ƙidayar 2012 ta nuna sama da kashi 99 cikin 100 na ƴan Nijar Musulmi ne. Kirista ƴan kaɗan ne, wasunsu Hausawa ne ƴan uwanmu na jini, wasu Gurmawa da Zabarmawa, wasu baƙi daga Benin da Togo da Nijeriya. Ba su da ƙarfin da za su yi mana komai. In an zauna lafiya mu muka so, in an ƙona mu muka ƙona. Sannan in ciwo ya yi tsanani, mu nawa ne muka ɗauki iyayenmu zuwa asibitin mishan na Galmi, ko Danja nan kusa da Maraɗi? A can ba mu tambayar wa ya taɓa kofin. Ƴan uwanmu kuma da ke ci-rani a Abijan da Kwatano da Lome da zangunan Ghana, su ne ƴan tsiraru a wasu unguwannin. Yadda kake so a yi wa ƙanenka a can, yi wa na kusa da kai a nan.

Ga abin da ya fi damuna. Ku ne za ku yi renon yara a unguwannin bayan yaƙi. Tun 2015 Diffa ke fama, ga Tillaberi, ga arewacin Tawa, ga bakin iyakar Maraɗi inda ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara suka cika ƙauyukan Gidan Rumji. In Allah ya so wata rana bindiga za ta yi shiru. Ran nan za a wayi gari da yaran da ke ɓoye tuwo a aljihu, da uwayen da ke da gawa a zuciya, da maƙwabtan da kowa ke zargin ƙabilarsu ko aƙidarsu. Gwangwanin ba na Kirista kaɗai ba ne. Tuni wasu suka rataye wa Bafillace nasa, wasu ɗan Izala, wasu ɗan ɗariƙa, wasu ɗan Shi'a. A kartiye ɗaya za a zauna, a famfo ɗaya za a yi layi. Abin da yaranku za su zama ya danganta da abin da za su ji daga bakinku.

Mu a zamaninmu talauci ya haɗa mu gida ɗaya dole. Yanzu kowa ya samu hali sai ya ja katanga, ya kai ɗansa lakwal inda kowa irinsa ne. Yaro na iya kai wa shekara ashirin bai taɓa zama benci ɗaya da wanda ba addininsa ba. Duk abin da ya sani game da su daga saƙon murya na WhatsApp ne, wanda ba a san wa ya yi shi ba. To wanda ba ka sani ba, duk abin da aka ce maka ya yi sai ka yarda.

Don haka ga roƙona, kuma ba abin da ke buƙatar ko dala ɗaya.

Ku tsare bakinku a gaban yara. "Arne", "kafirin banza", "inyamuri", ku fitar da su daga zagin wasa da na fushi. In babba ya faɗa a gidanku, ba sai kun yi masa rashin kunya ba. Ku yi yadda mahaifina ya yi, ku nuna da aiki yaran na kallo.

In ɗanka ya zo da aboki wanda ba addininku ɗaya ba, ka tambayi sunansa, ka tambayi gidansu, ka ba shi ruwa a kofin da kowa ke sha. Koya wa ɗanka addininsa da kyau, shi ne kariyarsa, ba korar abokinsa ba.

A fadarku, wurin shayi, ku duba: akwai wanda ba ya zuwa saboda ya san abin da za a faɗa? Ku kira shi. In an yi musu rasuwa ku je gaisuwa, in an yi haihuwa ku je barka.

Saƙon da ya zo maka yana cewa "su" sun yi kaza, kafin ka tura, tambayi kanka: a ina, yaushe, wa ya gani? In ba amsa, ya mutu a wayarka.

Ku ma ƴan uwa Kirista da ke bibiyar wannan shafi, na san akwai abin da kuka gani a 2015 wanda ba ya mantuwa, kuma ba ni da bakin ce muku ku manta. Amma kada ku gaya wa yaranku duk mai gemu da ɗan guntun wando maƙiyinsu ne. Uwar abokina ta fi ku dalilin tsoro, kuma ta fito da fitila.

Jikata kuwa, ban dake ta ba, don ba ita ke da laifi ba. Na aika a kira yarinyar da ta kira arniya, ɗiyar wani makanike ce ɗan Togo da ke bayan gidanmu. Na sa aka kawo ruwa a kofina, na ba ta ta sha, na karɓa na shanye sauran. Jikata ta zuba mini ido ba ta ce komai ba. Ko ta gane ko ba ta gane ba, Allah ne masani. Ni ma ban gane ba a lokacin, sai da na yi jifa tukuna.

Ɗan mai gida, in kana raye yanzu kai ma ka yi furfura, kuma na san har yau kana jin Hausa. Abin da na faɗa a bakin hanyar Fagge ƙarya ne. Abokina ne kai. Ka yafe mini.

Ku kuma matasa, ku faɗa mana a ƙasa: a gidanku, wa aka rataye wa gwangwani? Kuma wa zai sauke shi?

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya shirya mana zuri'a. Amin.